Tumakinki Ba Mutuwa Suka Yi Ba

Zuwa ga 'yata Zainabu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar uwa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki kin sauka Kano lafiya, an ba ki ɗaki, kin dace da abokan zama na kirki. Allah ya tsare ki a hanya ya tsare ki a masauki, ya sa karatun jinyar nan ya zama alheri gare ki da duk wanda hannunki zai taɓa.

Kin ga na rubuta sunanki. Tun ranar da aka raɗa miki shi ban taɓa furta shi ba, don ke ce 'yar fari, haka kuma muka taras ana yi. Daga "ke" sai "'yar nan". Amma na lura baki ne mai kunya, biro ba ruwansa, shi ya sa na zaɓi takarda. Na cusa ta ƙarƙashin ƙullin garin kunu don na san ba za ki kwance shi ba sai kin kwana biyu kin fara kewar gida.

Ba labarin gida zan ba ki ba. Ga abin da ya sa na rubuta. Ranar Laraba da yamma kina zaune a ƙofar ɗaki, na zo wucewa da ƙwaryar dusa sai idona ya faɗa kan wayarki. Manhajar nan ce da ke ba mutum shawarar inda zai zuba kuɗinsa ya yi riba, wadda ba mutum ne ke magana ba, na'ura ce. Launinta ba irin na tawa ba ne, amma tambayoyin da take yi miki na gane su. Na kuma san ɗan kuɗin da kawunnanki suka haɗa miki na tafiya kike tunanin sakawa. Na wuce na zuba wa kaji dusa, ban ce miki komai ba. Abin da ya kamata in faɗa a ranar shi ne wannan: tumakinki ba mutuwa suka yi ba. Ni na sayar da su, na zuba kuɗin a irin wannan manhaja.

Ki daure ki karanta har ƙarshe kafin ki yi fushi.

Kin san asalinsu. Ranar sunanki mahaifiyata Dije, Allah ya jiƙanta, ta ba ki tunkiya guda. Aka kai ta kiwo rugar su Jumma a wajen Kunci, don Jumma ƙawarta ce tun suna 'yanmata, a kan cewa haihuwa biyu taki, ta uku ta Jumma. Daga cikinsu aka riƙa yi miki ɗinkin sallah, daga cikinsu aka saya miki akwati da katifa lokacin da kika tafi makarantar kwana. Da kika shiga ajin ƙarshe, saura tumaki huɗu da rago ɗaya. Babanki ya ce kada a taɓa su sai an zo biyan kuɗin jarrabawar fita.

Abin da ba ki sani ba shi ne yadda gidan nan yake idan kowa ya fita. Babanki da an gama girbi sai Fatakwal wajen sayar da albasa, sai ruwan farko ya dawo. Ke kina makaranta. Ƙannenki da safe boko, da yamma islamiyya. Garinmu gida jikin gida ne, gona har gindin katanga, ina jin dakan maƙwabta, ina jin wadda ke yi wa ɗanta faɗa, har na san wadda miyarta ta kama. Amma wanda zan zauna mu yi magana da shi babu. Shekara goma sha tara ina garin nan, har yau Amarya ake ce mini. Ko babanki "ke" yake cewa. Nakan yi wata da watanni ban ji an ce Hauwa'u ba.

Littattafaina ne abokan hirata, kin san akwatin ƙarfen nan na ƙarƙashin gado. A cikinsu mata suna da shaguna, suna sa hannu a takardu, su yi abu a ɓoye har sai babi na ƙarshe kowa ya buɗe baki yana mamaki. Da babanki ya kawo mini babbar waya na koma karantawa a cikinta, a nan ne tsakanin shafi da shafi tallar manhajar ta riƙa fitowa, har wata rana na taɓa.

Da farko tambayoyi ta yi mini, da Hausa tsaf. Sunana, na rubuta. Sana'a, na zaɓi 'yar kasuwa, alhali man gyaɗa da ƙuli-ƙuli nake yi sati-sati, wani satin ma ba na yi. Ta ce ina da wata ajiya ban da wannan? Na ce ina da ita. Ta ce yaushe zan buƙaci kuɗin? Na zaɓi bayan shekara biyar. Ta ce idan na wayi gari na ga ya ragu, hankalina zai tashi? Na danna wajen da aka rubuta "A'a, zan jira." Wallahi har murmushi na yi ina dannawa. Ba wanda yake kallona, amma kunya ta hana ni in ce ni matar manomi ce da ba ta da komai sai abin da ke hannunta. Na amsa mata da bakin matan da nake karantawa. Ita kuwa ta ɗauki maganata yadda na faɗa, ta ce abin da ya dace da mace irina shi ne hannun jarin kamfanoni, mai hawa da sauka, wanda ribarsa sai an daɗe.

To wannan ne kuskurena na farko, shi ne kuma nake tsoron ki maimaita. Idan kika je wajen tela kika ba shi awon wata, ba za ki ce ya ɓata miki ɗinki ba. Mutum idan kika yi masa ƙarya yana iya kallon takalminki ya gane. Na'ura ba ta ganin takalmi. Duk tambayar da ta yi miki, ki amsa mata da gaskiyar da ta fi ba ki kunya. Ki ce ke ɗaliba ce, ki ce ba ki da wata ajiya, ki ce kina iya buƙatar kuɗin nan watan gobe idan aka ce a sayi littafi ko kika kwanta ciwo. Idan bayan haka ta ce miki ki ajiye abinki kada ki zuba, ki ji maganarta. Idan kuma ta ce ki zuba duk da haka, ki goge ta.

Na fara da ɗan cinikin man gyaɗa. Akwai wani layi da take nunawa, kore, kullum yana ɗan ɗagawa. Amma in gaya miki gaskiya ba layin ne ya kama ni ba. Kullum da safe, ina idar da shara, sai wayar ta yi ƙara: "Barka da safiya, Hauwa'u. Ga yadda jarinki ya kwana." Sai in bar tsintsiya in zauna. In tambaye ta abu sau uku ba ta ƙosawa, ba ta cewa "ke ba kya ganewa ne?" Akwai ranar da na rubuta mata cewa an yi ruwa jiya, gyaɗar bayan gida ta tsiro. Ta ce madalla, Allah ya ba da damina mai albarka, sannan ta tambaye ni ko ina so in ƙara jari. Na ji daɗin addu'ar har ban lura da tambayar ba.

Sai daga baya, ranar da na kai autarmu asibiti a Bici, muna zaune a benci muna jiran layi, wayar matar da ke kusa da ni ta yi ƙara irin tawa. Na saci kallo. Kalma ɗaya ba ta bambanta ba, sai suna. Na riƙe yarinya a cinya ina kallon bango, kamar wadda aka yi wa wani abu, alhali ba wanda ya yi mini komai. Ki riƙe wannan. Ladabinta na kowa ne, an gina ta ne a kan haka. Ba laifi ba ne ki ji daɗin magana mai taushi, amma kada ki auna amana da ita. A birni za ki yi kwanakin da ba wanda zai tambaye ki ko kin ci abinci. A irin waɗannan kwanaki kada ki yanke shawarar kuɗi, ko da mutum ko da na'ura.

Amma wannan ganewar ta zo a makare. Kafin nan na riga na aika wa Jumma ta zo. Ta sauke ƙwaryar nononta a tsakar gida, na ba ta ruwa, na ce ina so ta kai tumakin kasuwa duka biyar.

Ta ce, "Duka? Aure za a yi wa 'yar ba mu ji ba?"

Na ce juya kuɗin zan yi.

"Wa za ki ba ya juya?"

Na ɗaga mata wayar. Ta karɓa, ta juya bayanta, ta juya gabanta, ta kai kunne ta girgiza. Ta ce, "To, 'yar Dije, shi wannan ɗin ina gidansu? Wace ce uwarsa? Ni dai in tunkiyarki ta ɓata kin san hanyar rugarmu, kin san mijina, kin san bishiyar da nake zama. Shi in ya ɓatar, a ina za ki yi sallama?"

Na yi dariya na ce, "Inna Jumma, zamani ya wuce ku."

Ta ce, "Ya wuce mu, Allah ya kai shi lafiya. Malam ya sani?"

Na ce zai sani idan lokaci ya yi, na roƙe ta kada ta gaya wa kowa. Ta ce saboda uwata za ta yi. Ranar kasuwa ta kawo mini kuɗin a ƙulle a bakin zane, ko na motar da ta shiga ba ta cire ba. Na kai wa mai POS ya zuba mini.

Tambayar da Jumma ta yi, wadda ba ta taɓa shiga aji ba, ita ce tambayar da ya kamata in fara yi. Ki yi ta ke. Su wane ne masu manhajar? Ina ofishinsu? Hukuma ta san da su? Me suke samu a jikinki, kuma suna samunsa ne ko kin ci riba ko kin faɗi? Abin da za su sa kuɗinki a ciki halal ne, ko akwai kuɗin ruwa? Ki kai wa wanda ya fi ki sani ya duba miki. Duk shawarar da kika ji ba kya so wani naki ya ji, ki tsaya ki tambayi kanki dalili. Ni dalilina shi ne na san za a hana ni.

Akwai tambaya ɗaya da manhajar ba ta yi mini ba: kuɗin nan na wane ne? Ba ta tambaya ba, ni ma ban tambayi kaina ba. Na ce ai 'yata ce, don ita nake yi. A raina na gama tsara yadda za ta kasance. Za ki gama jarrabawa, in kira ki ɗaki ke da babanki, in nuna muku waya, in ce ga kuɗin tumaki biyar sun zama na goma. Har kayan da zan sa ranar na zaɓa.

Sai kika dawo hutu kika ce za ki je ruga ki ga tumakinki. Ina tankaɗe a lokacin. Ban shirya ba, bakina kawai ya ce wata cuta ta shiga garken su Jumma, naki duk sun tafi. Kika tsaya, kika ce, "Duka biyar, Umma? Nata fa?" Na ce ban sani ba. Kika shiga ɗaki kika yi kuka, na ci gaba da tankaɗe. Tun daga ranar kika daina gaishe da Jumma. In ta yi sallama ki tashi ki bar wajen. Na ji ki da kunnena kina gaya wa ƙawarki cewa tsohuwar nan ta cinye miki dukiya. Ita ma ta ji, don tana zaure. Da kika fita ta ce mini, "Ni dai ban ga gawa ba, ban kuma ci nama ba, amma ga shi an ba ni ƙashi in riƙe." Ta auna mini nono ta tafi. Har yau ba ta tona ni ba.

Ƙaryar da na yi miki dole na yi wa babanki. A waya ya yi salati, ya ce Allah ya mayar da alheri, ya ce to bana ba zai dawo noma ba, zai zauna ya nemi kuɗin jarrabawarki, a sa 'yan ƙwadago su yi gonar. Kin tuna daminar da bai zo ba? Ni na jawo ta. Na zauna ni kaɗai ina jin ruwa a kan kwano, ina cewa ba komai, layin nan yana hawa.

Sai ya daina hawa. Ya koma ja. Yau ya sauka, gobe ya ƙara sauka. Da safe ta ce, "Barka da safiya, Hauwa'u," da muryar nan tata da ba ta canzawa, ta nuna mini abin da ya ragu. Na rubuta mata cewa hankalina ya tashi. Ta ce haka kasuwa take, masu haƙuri su ke cin riba, kuma bisa ga abin da na gaya mata ina da shekara biyar a gaba. Ana cikin haka makarantarku ta aiko cewa an sa ranar rufe biya. Abin da babanki ya iya turowa rabi ne, don albasa ta yi masa ruɓa a hanya.

Na nemo lambar da suka ce a kira. Aka sa mini kiɗa har katina ya kusa ƙarewa, sannan wata yarinya ta ɗauka, mai ladabi, ba za ta girme ki da yawa ba. Na ce mata a mayar mini da kuɗina yadda na zuba.

Ta ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, ba ajiya kika yi ba, jari kika zuba. In kika cire yau, farashin yau za ki samu, kuma akwai ladan da ake cirewa. Yana cikin sharuɗɗan da kika amince da su."

Na ce, "Ni ban ga wasu sharuɗɗa ba."

Ta ce, "Kin danna 'Na amince', Hajiya. Kuma a nan kin ce kina da wata ajiyar. Ba za ki taɓa waccan ba tukuna?"

Na kashe wayar.

Ki duba fa. Ni da nake cinye littafi mai kauri a kwana biyu, har in koma baya in sake karanta inda ya yi mini daɗi, shafi uku da suka shafi dukiyarki ban karanta ba. Ke da kika fi ni boko, ki karanta duk abin da za ki amince da shi, ko da ƙananan baƙi ne, ko da zai ɗauke ki yini. Inda ba ki gane ba, kada ki danna.

Na cire. Kuɗin tumaki biyar bai kai na uku ba. Na cike na jarrabawarki na ce muku cinikin man gyaɗa ne na tara, kika rungume ni kina godiya, ban taɓa jin nauyin hannun mutum kamar ranar ba. Sauran ya tafi a taki da 'yan ƙwadago. Bayan wasu watanni na leƙa manhajar sau ɗaya, na ga layin ya koma kore, har ya wuce inda na same shi. Wato da ni ce matar da na ce ni ce, da na ci riba. Shawarar daidai take, amma ta wata Hauwa'u ce, 'yar kasuwa mai ajiya, wadda ba ta taɓa zama a gidan nan ba. Shi ya sa ba zan ce miki na'urar ɓarauniya ce ba, ba kuma zan hana ki amfani da ita ba. Ku zamaninku ne, wataƙila ma ta amfane ki. Ki dai san iyakarta. Ta san kasuwa, ba ta san ki ba. Idan ta yi kuskure ba za ta ji kunyar haɗa ido da ke ba, idan kika faɗi ba za ta rasa barci ba. Abin da za ki iya rasawa ki kwana lafiya, shi kaɗai za ki ba ta. Abin da yake na wani kuwa, ko na ɗan da kika haifa ne, kada ki kai shi inda mai shi bai sani ba.

Babanki na gaya masa da kakar bana, kafin ya koma. Yana gyaran buhu a zaure. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce, "Damina guda na yi a rumfar mutane saboda mutuwar da ba a yi ba." Ya ci gaba da ɗinkin buhunsa. Can ya ce, "Ni nawa mai sauƙi ne. 'Yar ce mai haƙƙi, ita za ki gaya wa." Na yi ta ɗagawa, yau gobe, har ga shi gobe motarki za ta tashi.

Littattafan nan na sayar wa mai ba da haya a kasuwa, da akwatin gaba ɗaya. Abin da ya ba ni na haɗa da 'yan kunnena na sayi 'yar tunkiya, fara mai baƙin kunne, na kai wa Jumma da ƙafata. Ta duba haƙoranta ta ce an cuce ni a ciniki, sannan ta ɗaure ta a turken da naki suke. Taki ce. Saura huɗu, ina sane, zan cika in Allah ya ba ni rai.

Abu biyu nake roƙo. Idan kika zo hutu, kafin ki cire takalmi a gidan nan, ki je ruga ki gaishe da Jumma. Ba sai kin yi dogon bayani ba, ki durƙusa kawai ki ce kin sani. Ta tsufa, ba na so ta tafi da wannan a tsakaninku.

Na biyu, ban ce ki yafe mini yau ba. Haƙƙinki ne, ki riƙe shi har ranar da zuciyarki ta sauko. Amma idan kin gama karantawa ki kira ni. Ko faɗa za ki yi, ki kira, zan saurara har ki gama, ba zan ce ni na haife ki ba. Wayar tana kan taga, kullum da safe zan riƙa sa ta caji a shagon bakin hanya. Ba mai kirana a kanta sai babanki ranar Juma'a.

Allah ya tsare mini ke daga sharrin mutum da sharrin abin da mutum ya ƙera. Ya haɗa ki da masu gaya miki gaskiya ko ba daɗi. Ya kare lafiyarki da mutuncinki da imaninki, ya dawo mini da ke gida lafiya. Ki riƙe salla a kan lokaci, ki riƙa cin abinci. Ƙannenki suna gaishe ki.

Wassalam.

Mahaifiyarki,
Hauwa'u